Tauraro Mai Tsini Nawa? Yadda Kalma Guda Ta Tsayar Da Cinikin Wani Ɗan Kasuwar Singa



Wata ranar Asabar da muka tashi daga karatun tsakanin Magariba da Isha'i, mun lura da wani bawan Allah tsaye a bakin ƙofar masallaci, da kwali a naɗe a hammatarsa. Sai da jama'a suka ragu sannan ya matso ya gaishe mu. Ɗan Kasuwar Singa ne, yana sarin ganyen shayi, yana ƙulla shi a ƙananan fakiti da sunan shagonsa. Ya warware kwalin ya shimfiɗa a gabanmu, ya ce: "Allah Ya gafarta Malam, a duba mini wannan. An ce tambarin Yahudawa na buga a jikin kayana. Yau kwana tara ke nan ko katan ɗaya bai fita daga shagona ba. In ƙone su ne, ko yaya zan yi?"

Muka karɓa muka duba a hasken fitila. Garkuwa ce koriya, a samanta an zana kofin shayi yana tururi, a ƙasanta sunan shago, a tsakiyarta kuma farin tauraro. Muka ƙidaya tsinin tauraron, shida ne: alwatika biyu sarƙe da juna, ɗaya tana kallon sama, ɗaya tana kallon ƙasa. Muka tambaye shi ko shi ya zaɓi wannan siffa. Ya ce shi dai ta waya ya gaya wa yaron da ke yi masa zane a kwamfuta cewa a sa masa garkuwa, a sa tauraro a tsakiya. Yaron ya ɗauko wanda ya fara cin karo da shi, ya turo masa hoton a waya, ya duba a tsaitsaye ana cikin lodi, ya ce a buga. Da kayan suka shiga gari, wani ya naɗi murya ya watsa a WhatsApp cewa ga shayin wani kamfanin Yahudawa an shigo da shi Kano.

Wanda bai san Singa ba zai yi mamakin yadda zane ɗan ƙarami zai tsayar da cinikin mutum. Kasuwa ce ta sarin kayan masarufi, tana nan tsakanin Fagge da Sabon Gari: sukari, fulawa, taliya, shinkafa, man girki, madara, sabulu. Daga nan ake lodi zuwa ƙauyuka da garuruwan Arewa, har a ƙetara zuwa Maraɗi da Damagaram da ƙasar Chadi. Masu saye da yawa ba sa karanta rubutun boko, da zane suke gane kaya. Shi ya sa za ka ji ana cewa a ba ni mai tauraro, a ba ni mai zakara, a ba ni mai giwa. A irin wannan wuri tambari shi ne sunan kaya, shi ne kuma amanar mai shi. Ita kanta kasuwar sunan wani samfurin keken ɗinki take ɗauke da shi, wato Singer.

Ba mu gaggauta ba shi amsa ba, domin malaman usulu sun koyar da mu cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an gama fahimtar surarsa. Faɗin abin da ido ya gani aiki ne daban, faɗin abin da zanen yake nufi da inda ya samo asali aiki ne daban, hukuncin shari'a kuma sai a bayansu yake zuwa. A wannan lamari an yi kuskure sau biyu, duka a matakin farko. Alhaji ya ce "tauraro" bai faɗi tsini nawa ba. Mai naɗar murya kuma ya tsallake siffa gaba ɗaya ya faɗa kan fassara, daga fassara ya zarce zuwa ƙazafi.

Turawa, duk da abin da ke tsakaninmu da su na bambancin addini da al'ada, sun daɗe da gane haɗarin wannan sakaci. Tun zamanin da mayaƙansu ke rufe fuska da kwalkwali, ba a gane jarumi sai da zanen garkuwarsa, suka kafa wa siffanta tambari harshe na musamman. A Landan akwai wata kwaleji ta masu kula da tamburan gidaje da hukumomi wadda Sarki Richard na Uku ya ba izinin kafuwa a 1484, tana aiki har yau. A wurinsu rubutaccen bayani shi ne tambarin na haƙiƙa, zane kuwa bin bayani yake yi. Ana farawa da launin filin garkuwa, sannan babban abin da ke kanta, sannan ƙanana, kowanne da launinsa da adadinsa da wurin zamansa. Dabba a tsaye take ko a tafe, ina ta fuskanta, duk sai an faɗa. Tauraro kuwa, a al'adar Ingila, idan ba a ambaci adadin tsininsa ba to biyar ake nufi, in ya wuce haka wajibi ne a rubuta. Da yaron Alhaji ya san wannan ƙa'ida guda, da ba a kai ga zuwa masallaci da kwali ba.

Akwai wata ƙa'idarsu da ta burge mu. Idan suka ce dama, damar wanda ke riƙe da garkuwa suke nufi, ba ta mai kallo ba. Mu ma mun san irin wannan a sahun salla, inda damar liman ita ce dama, ko daga ina mutum ya tsaya yana kallo.

Mu gwada da tambarin Nijeriya, wanda kowa ke ɗauke da shi a aljihu. An samar da shi a 1960, shekarar 'yancin kai. Garkuwa ce baƙa, a kanta akwai farin zane mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, rassa biyu daga sama suka haɗu suka gangaro ƙasa, ana nufin haɗuwar kogin Kwara da na Binuwai a Lokoja. Fararen dawakai biyu suna tallafe da ita. A samanta akwai murɗaɗɗen gammo mai launin kore da fari, a kansa jar tsuntsuwa ta buɗe fukafukai. A ƙasa ciyawa ce da furanni, sai ƙyallen da ke ɗauke da taken ƙasa. Da farko taken haɗin kai da imani kawai ya ambata, a 1978 aka ƙara zaman lafiya da ci gaba.

To, ita tsuntsuwar me za mu kira ta? Yawancinmu mikiya muke cewa, haka ma gidajen rediyo. Amma a wasu tsofaffin ƙamusoshin Hausa an fassara mikiya da wata babbar tsuntsuwa daga dangin ungulu, shi ya sa wasu marubuta suka fi son gaggafa. A hira ba komai, kowa ya gane. Amma wanda zai aika wa mai zane saƙo zuwa wata ƙasa, gara ya ƙara da cewa mai gashi a ka, mai lanƙwasasshen baki, kada a dawo masa da ungulu a saman garkuwa. Furannin ma akwai magana a kansu. Tsiron da aka ce su ne, wanda masana ke kira Costus spectabilis, furensa ruwan ɗorawa ne a daji, amma a mafi yawan zanen da ke yawo ja ake yi masa. Mai siffanta abin da ke jikin takarda zai ce ja, mai siffanta tsiron zai ce ruwan ɗorawa, kuma kowanne ya faɗi gaskiya muddin ya bayyana wanne yake nufi.

Mun sha jin wasu samari masu zafin kishi suna kiran dawakan da tsuntsuwar gumaka. Wannan kalma tana da nauyi, bai kamata a jefa ta haka kawai ba. Gunki abu ne da aka sassaƙa ko aka ƙera, galibi don bauta ko girmamawa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka gada a ƙasar nan, abin da aka haramta kai tsaye shi ne surar mai rai wadda take da jiki cikakke har tana yin inuwa. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi bai kai wannan matsayi ba a wurinsu, tsakanin karhanci da saɓa wa abin da ya fi yake. Akwai malaman wasu mazhabobi da suka tsananta fiye da haka, kuma muna girmama hujjojinsu. Amma ko a wurin masu tsanantawar, sunan abin zane ne ko hoto. Wanda ya ce gunki ya riga ya yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a.

Mu komo kan tauraron Alhaji, domin a nan ne tarihi yake da abin faɗa. Gaskiya ne wannan siffa tana tsakiyar tutar Isra'ila, shuɗiya a kan fari tsakanin layuka biyu, tun 1948, kuma Yahudawa sun riƙe ta alamarsu tun kafin nan. Mai musun haka yana musun abin da ido ke gani. Sai dai ba su kaɗai suka taɓa amfani da ita ba. Musulmi sun san ta ƙarnoni da yawa da sunan hatimin Sulaimanu, tana jikin gine-gine da kayan tagulla da littattafai, tana kuma jikin kuɗin ƙarfe da aka riƙa bugawa a Maroko a ƙarni na 19. A nan gida ma, duk dattijon da ya yi ciniki kafin zuwan naira a 1973 ya riƙe ta a tafin hannunsa, domin kwabo mai huda da anini suna ɗauke da ita. Tutar Nijeriya ta zamanin Turawa, daga 1914 zuwa 1960, tana da ita koriya a cikin jan da'ira, da kambin sarautar Ingila a tsakiya. An ruwaito daga Lugard kansa cewa a jikin wani kwanon tagulla da aka samo lokacin cin Kwantagora ya ga zanen. Har yau kuma tana jikin tambarin rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya, a ƙarƙashin tsuntsuwa, tare da rubutun Larabci mai ma'anar cewa nasara daga Allah take.

Da muka kawo wa Alhaji zancen kwabo mai huda sai ya yi dariya, karo na farko tun zuwansa. Ya ce mahaifiyarsa tana da irinsu a ƙulle a cikin adudu, bai taɓa ƙidaya tsinin ba.

Saboda haka ingantacciyar magana ita ce: tauraro mai tsini shida, alwatika biyu a sarƙe. Wannan siffa ce, ba mai jayayya a kanta. Idan aka ƙara da cewa a yau mafi yawan mutane tutar Isra'ila suke tunawa in sun gan shi, wannan ma gaskiya ce. Amma cewa shayin na kamfanin Yahudawa ne ƙarya ce tsagwaronta, tunda ga mai shi nan Bakano, ana salla da shi sahu ɗaya. Ko da ma a ce gaskiya ne, ai ba addinin mai kaya ne ke haramta ciniki ba, domin ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Masu ƙaurace wa wasu kayayyaki saboda halin da Falasɗinawa ke ciki suna da dalilinsu, amma dalilin yana rataye ne da inda kuɗin ke zuwa, kuma wannan bincike ake yi a gano shi, ba a karanta shi daga tsinin tauraro.

Irin wannan rigima ta taɓa dagin Arewa ma. Zane ne na igiya mai sarƙe da kanta wadda ba a ganin farkonta ko ƙarshenta. Yana jikin bangon gidajen sarauta da na attajirai a Kano da Zariya, yana cikin aikin babbar riga da na dukawa, kuma a zamanin Sardauna Ahmadu Bello ya zama alamar Jihar Arewa. Lokaci zuwa lokaci sai wani ya taso ya ce ai gicciye ne aka ɓoye. Abin da ya tabbata shi ne ana samun zane mai kama da shi a daɓen gine-ginen Rumawa, da majami'u, da wuraren ibadar Yahudawa, da kuma adon Musulmi. Zanen da ya zagaya duniya haka, ba a mallaka wa al'umma guda shi da baki kawai. Hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ya nuna Annabi ba ya barin abu mai siffar gicciye a gidansa sai ya warware shi, wannan ba mu da ja a kansa. Amma malamai da dama sun yi bayani cewa ba duk layi biyu da suka gitta juna ne gicciye ba, in ba haka ba da alamar tarawa a lissafi da sandunan taga duk sun shiga. Mai gaskiya zai ce igiya ce mai sarƙa, mai kusurwa huɗu. Wanda ya ce gicciye ne, hujja tana kansa.

Abin da ya fi ƙayatar da mu a wannan babi shi ne yadda magabata suka siffanta hatimin Manzon Allah. Lokacin da ya yi nufin rubuta wa sarakunan duniya wasiƙu, aka gaya masa ba sa karanta takardar da ba ta da hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa rubutun layi uku ne, sunansa a layi ɗaya, kalmar manzo a layi ɗaya, sunan Allah a layi ɗaya. Zoben ya wuce hannun Abubakar da Umar, ya kai ga Usman, har ya faɗa rijiyar Aris a Madina. Daga baya wasu suka ce daga ƙasa ake karanta shi zuwa sama, domin sunan Allah ya kasance a bisa. Magana ce mai daɗin ji, kuma haka ake zana shi a yau a jikin tutoci da zobba da gilashin mota. Amma Hafiz Ibnu Hajar, a sharhinsa Fathul Bari, ya ce bai ga an bayyana hakan ƙarara a cikin hadisai ba. Ka duba wannan taka-tsantsan, ya ɗan'uwa. Ga zance mai nuna ladabi ga Allah, wanda ba mai zarginsa in ya karɓa, amma ya tsaya inda riwaya ta tsaya. Layi uku aka ce, bai ƙara tsarin da ba a faɗa ba.

Haka jinjirin wata da tauraro, da ake kira alamar Musulunci. A zamanin Annabi ba a san su a jikin tuta ba, abin da aka ruwaito shi ne baƙar tuta da fara. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta yaɗa su har suka hau kan hasumiyoyi da tutocin ƙasashe. In aka ce alama ce da Musulmi suka shahara da ita an yi daidai, in aka ce addini ne ya shar'anta ta an ƙara abin da babu. Sarakunan Mamluk na Masar da Sham ma sun yi nasu tamburan, kowane babban bafade da alamar aikinsa: mai shayar da sarki kofi, magatakarda gidan alƙalami. Ado ne na mulki, ba wanda ya ɗauke shi ibada.

Kada kuma a zaci mu kaɗai ke wannan kuskure. Shekara da shekaru wasu 'yan ƙasar nan suna kiran rubutun da ke jikin naira rubutun Musulunci, har wani lauya, Malcolm Omirhobo, ya kai ƙara kotun tarayya a Legas a 2020 yana neman a cire shi. Alhali duk wanda ya yi makarantar allo ya san Hausa ce aka rubuta da ajami, adadin kuɗin kawai take faɗa, naira ɗari biyar, naira dubu. Tun 2007 aka cire shi daga ƙananan takardu, a 2014 aka cire daga sabuwar naira ɗari. Mun ji zafin yadda aka yi wa ajami mummunar fahimta saboda an ƙi tambayar masu karanta shi. To, bai dace mu juya mu yi wa zanen wani irin abin da muke kuka an yi wa namu ba.

Wani abu guda da muke jan hankalin 'yan Singa a kansa, tunda zance ya kawo mu: a bar sanya ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a tambarin kaya. Buhu da kwali ƙarshensu ƙasa ne. A kansu ake zama, da su ake kunna wuta, cikin kwata ake tsintarsu in damina ta sauka. Saudiyya ba ta sauke tutarta zuwa rabin sanda ko da an yi babban rashi, saboda kalmar shahada da ke jiki. Haka kuma tambarin ƙasa akwai dokar da ta hana ɗora shi a kan haja ba da izini ba.

Amsar da muka ba Alhaji ita ce, shayinsa halal ne, kuɗinsa halal ne, ƙona shi ɓarnar dukiya ce. Bai yi nufin kwaikwayon kowa ba, zanen kuma ba abin bauta ba ne. Amma tunda a yau ido yana ganin tauraron zuciya take tafiya wani wuri, ya fi masa alheri a dininsa da kasuwarsa ya sauya. Muka ce kuma a nemo wanda ya naɗi muryar, a gaya masa cikin lalama cewa akwai haƙƙin mutum a wuyansa, kuma warwarar tana bin hanyar da maganar ta bi. An same shi, yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai tura baro a bakin kasuwar. Ya naɗi wata muryar ya janye, sai dai ta biyun ba ta yi nisan ta farkon ba.

Sauran kwalayen da aka riga aka buga, sitika aka yi aka liƙe a kan garkuwar, yaran shago suka kwana uku suna aikin. Kafin a buga sababbi, Alhaji ya dawo da takarda da biro, muka zauna a shirayin masallaci muka rubuta wa mai zanen abin da ake so: garkuwa koriya mai tsini a ƙasa, a tsakiyarta ganyen shayi guda uku farare, na tsakiya a miƙe, biyun sun karkata gefe da gefe, a samanta farin kofi, hannunsa yana ɓangaren damar mai kallo, a ƙasa sunan shago da baƙin rubutu, na boko a sama, na ajami a ƙarƙashinsa. Muka tambaye shi ina tauraron, ko a mai da shi mai tsini biyar. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, a bar shi a sama inda Allah Ya ajiye shi."